Sunana a Takardar Wasa

Brévanges, 22 ga Agusta, 2010

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taka, tana barinka ka gangara bakin teku da safe? Ina labarin Yaya Maiwenn da maigidanta da yara? Ni dai lafiya lau nake, sai kewar gida.

Kada ka ce me ya hana ni buga waya. Shekara arba'in injin jirgin kamun kifi yana kuka a kunnenka, ka kuma rantse ba za ka maƙala na'urar jin da Yaya ta saya maka ba. Na gaji da ɗaga murya har maƙwabta su san sirrinmu, don haka daga yau takarda za ka riƙa gani. Sai ka nemo tabarau.

Na iso lafiya, na kuma kama aiki. Garin ƙarami ne, daji ta ko'ina, rabin mutanen a masana'antar katako suke ci. Mai masana'antar, Yallaɓai Vasseur, shi ne shugaban ƙungiyar ƙwallon, kuma da kansa ya zo tasha ya ɗauke ni. Bara suka hau rukuni na huɗu, abin da ba su taɓa yi ba, kuma a wannan rukuni doka ta ce sai mai babbar diflomar horar da 'yan ƙwallo ne zai zauna a benci a matsayin koci. Ka ga amfanin wahalar da na sha? Maza ashirin da biyu, Baba, masu gemu da 'ya'ya, kuma autarka ce kocinsu.

Ranar da na fara taka filin sai da na tsaya a tsakiyarsa. Na tuna ina shekara takwas ka datse mini gashi da almakashin gyaran koma don in shiga cikin samari, marigayiya Mama ta yi kwana uku ba ta yi maka magana ba. Na tuna shekara goma sha bakwai ina buga tsakiya, da safe in tsaya ina jera kifi a gwangwani, da yamma in ruga atisaye hannuna na ƙarni. Sau biyu aka kira ni sansanin ƙungiyar ƙasa, sau biyu na dawo ban buga ko minti ɗaya ba, kai kuma ka ce su ne suka yi asara. Sai gwiwa ta ƙi, na koma koyar da yara shekara takwas. A ajin difloma mu ashirin da huɗu ne, ni kaɗai ce mace. Duk wannan ya bi ta kaina a tsakiyar filin, har wani ɗan wasa ya tambaye ni ko lafiya.

Akwai wani dattijo a nan, Gilbert Marchal, kowa Gilou yake ce masa. Shekara goma sha tara yana horar da ƙungiyar, shi ya hau da su, amma sau biyu yana zama jarrabawar difloma yana faɗi. Yanzu a takarda shi ne mai kula da kaya. Yallaɓai ya ce zai taya ni na wata ɗaya ko biyu, tunda ya san halin yaran. Da muka gaisa sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, Madam Difloma, sannu da zuwa. Mu nan ba ma cin littafi, amma akwai miyar kabeji." Na yi dariya. Mutum ne mai barkwanci, ina jin za mu shirya.

Abu ɗaya ne ya dame ni: man shanunsu ba gishiri. Ban san yadda mutane suke rayuwa haka ba. Ka ce Yaya ta aiko mini da namu.

Ka gaida kowa da kowa. Ka riƙa shan maganinka.

Ni ce autarka,
Solène

Brévanges, 12 ga Disamba, 2010

Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya sanyi a wajenku? Yaya tarin da Yaya ta ce yana damunka? Nan dusar ƙanƙara ta rufe komai, sai an share fili kafin a yi atisaye.

Yaya ta rubuto mini cewa hotona na jarida ya zagaye gari, har masu shan kofi a shagon bakin tasha sun haddace labarin. Don Allah, Baba, a rage. Gaskiya ne muna na uku a tebur, wasa tara muka ci cikin goma sha huɗu. Gaskiya ne kuma 'yan jarida suna zuwa daga nesa, su tambaye ni yadda mace take juya maza. Na iya amsar yanzu kamar karatun haddar yara. Amma ƙwallo ba aikin mutum ɗaya ba ne, kai ka koya mini haka.

Ka tambaya yaya aikin. Ba shi da nauyi. In gaya maka gaskiya, ban taɓa samun lokaci irin na bana ba. Ina da ofis mai taga, da kujera mai juyawa, da tukunyar fure da matar Yallaɓai ta kawo. Nakan zauna in zana tsarin atisaye, littafi biyu na cika. Makon jiya na kawo ɗaya fili, na fara jera alamomi a ƙasa, sai Gilou ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, Madam Difloma, wannan zane ya yi kyau, a kai shi baje koli! Yara, ku zagaya fili sau goma." Suka zagaya. Ni kuma na kwashe alamomina na mayar cikin buhu.

Ba mugu ba ne, kada ka ɗauka haka. Shi yake kawo mini itacen hura wuta, ranar da motata ta ƙi tashi shi ya tura. Wata ɗaya ko biyun da aka ce ne dai suka zama huɗu. Na yi wa Yallaɓai magana, ya ce, "'Yata, ana canza doki a tsakiyar kogi? Bari mu ga bayan hutu."

Ba zan samu zuwa Kirsimeti ba. Ba aiki ne ya hana ni ba, jikina ne ba ya son tafiya. Ka ba yara haƙuri, na aika musu da riguna.

Ina gaishe ka da kyau.

Autarka,
Solène

Brévanges, 20 ga Maris, 2011

Babana abin ƙaunata,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kana lafiya, kai da Yaya da iyalinta. Yaya ƙafa? Ni jikina lafiya. Zuciyata ce ba lafiya, kuma yau zan faɗa maka dalili, domin na gaji da rubuto maka rabin magana.

Baba, ni ba koci ba ce. Suna na ba da aro. Ka san abin, ka sha zagin masu yinsa a gabana: ƙungiya tana da mai horarwa marar difloma, sai ta nemo mai difloma ta ajiye a benci don hukuma ta gani. To, 'yarka ce aka ajiye.

Ga yadda Asabar ɗina take. Saura awa ɗaya a fara wasa, Gilou zai miƙo mini bayan ambulan da sunayen waɗanda ya zaɓa. In shiga ɗakin alƙalin wasa, in kwafe su a takardar wasa da hannuna, in sa hannu a ƙasa inda aka rubuta koci. Sannan in fito in tsaya a bakin layi da rigar ƙungiya a jikina, shi kuma yana zaune a benci tsakanin gorunan ruwa da jakar magani. Abin da ya faɗa shi nake ɗaga murya in maimaita. In an tashi, ni zan tsaya gaban 'yan jarida in bayyana dabarar da ban san da ita ba sai da na gan ta a fili. 'Yar amshin shata ke nan, Baba, da difloma a bango.

'Yan wasan sun sani, gari ya sani, babu mai faɗi. "Koci" suke ce mini, cikin ladabi kuwa, amma idanunsu na kan Gilou. Da sun raina ni a fili da ya fi mini sauƙi.

Za ka ce me ya hana ni tattara kayana. Na tambayi kaina haka sau ba adadi. In na tafi a tsakiyar kaka, duk wasan da suka buga ba mai difloma za a zabtare musu maki, gumin mutum ashirin da biyu ya tafi a banza, kuma ba su ne suka yaudare ni ba. In na kai ƙara hukuma, doka ba ta bambanta mai aro da mai bayarwa, lasisina ne zai fara tafiya. Takarda ashirin da uku na sa wa hannu. A ta farko zan iya cewa ban sani ba, a ta biyar ma watakila. A ta ashirin da uku me zan ce? In kuma na yi shiru, kwantiragina shekara biyu ne. Gaba kura, baya sayaki.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo, shi ma gara in faɗa. Na ji daɗin yabon. Shekara goma sha bakwai ina buga ƙwallo a gaban mutum ɗari da karnuka biyu, ba wanda ya taɓa tambayar sunana. Da aka fara buga shi da manyan baƙaƙe sai na ce wa kaina bari in ɗan ɗanɗana, gobe na gyara. Babu wata ƙungiyar maza da ta taɓa kirana kafin wannan, kuma yanzu na gane me ya sa wannan ta kira. Yallaɓai ya lissafa cewa namiji mai irin takardata ba zai yarda ya zauna haka ba, ni kuwa zan yi godiya, kuma lissafinsa bai kuskure ba.

Kada ka nuna wa Yaya wannan. Ka yafe mini.

'Yarka,
Solène

Brévanges, 29 ga Mayu, 2011

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi da shigowar zafi. Takardunka biyu sun iso. Na ji labarin jirgin da ya kife, na ji kifi ya yi wuya bana. Kan abin da na faɗa maka a Maris ba ka ce uffan ba. Na ɗauka fushi ne, kuma ban ga laifinka ba.

Ina jin ka ga jarida. Ga abin da ba ta faɗa ba.

Wasan ƙarshe ne, a gida, in mun ci mu hau rukuni na uku. Muna da ɗan baya, Bastien Oudot, mai raba wasiƙu ne a gari, shekararsa ashirin da tara, shi ne ginshiƙin bayanmu. Ranar Laraba a atisaye suka yi karo da gola, kai da gwiwa. Ya tashi ya ce ba komai. Bayan minti goma na same shi a bayan raga yana amai, ya tambaye ni yau wace rana, na faɗa masa, ya sake tambaya. Likita ya ce ya huta mako biyu, amma maganar likitan nan shawara ce, ba mai tilasta ta. Gilou ya ce, "A zamaninmu soso da ruwan sanyi ne maganin wannan. Kan Bastien ai da shi ake fasa gyaɗa." Aka yi dariya, har da Bastien.

Ranar Juma'a matarsa Coralie ta tare ni a shagon burodi, da goyo a ƙirjinta. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Koci, jiya wasiƙun layi guda ya zuba a akwatunan da ba nasu ba. Haske ma ba ya so, labule a rufe muke wuni. In ya ji na faɗa miki, na shiga uku." Ta san sarai ba ni nake zaɓe ba. Ina jin ta rasa wanda za ta gaya wa ne.

Asabar Gilou ya miƙo ambulan, sunan Bastien na huɗu. Na ce, "Gilou, mutumin nan zai sa kai a ƙwallo sau ashirin yau." Ya ce, "Madam Difloma, ke dai rubuta, rubutunki ya fi nawa kyau."

Na shiga ɗakin alƙali. Nan ne kaɗai wurin da mai kula da kaya ba ya shiga. Na rubuta na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu hannuna ya tsaya har alƙali ya ɗago kai. Sai na rubuta sunan wani, ban sa Bastien ko a benci ba. Na sa hannu, alƙali ya sa nasa, takarda ta rufu.

Abin da ya biyo baya a ɗakin canza kaya ba zan rubuta maka duka ba. Gilou ya yi fari fat, ya ce, "Shekara goma sha tara! Ke wace ce?" Na ce, "Ni ce koci, je ka duba takarda." Bastien ya riga ya sa riga da takalmi. Bai yi ihu ba, ya zauna ya kwance igiyar takalminsa a hankali, ya ce, "Wasan rayuwata ke nan, Madam. Wa ya aike ki?"

An ci mu ɗaya da nema. Bugun kwana ne, saura minti takwas, aka sa kai daidai inda Bastien yake tsayawa. Mutum dubu uku suka yi mini ihu da sunana. Washegari jarida ta ce kuskuren Kerbrat, wato ni, ya hana Brévanges hawa. Ka ga abin dariya, Baba: wasa goma sha tara aka yabe ni a kansu, ko ɗaya ba nawa ba ne. Wanda yake nawa guda ɗaya ne, shi ne wannan. Kuma ban sani ba ko da ya buga wani abu zai same shi. Watakila da ya tashi lafiya, da yanzu gari na biki. Wannan tunanin ba ya barina.

Ranar Litinin Yallaɓai ya kira ni ofishinsa. Na tafi da shirin a kore ni, har da ɗan farin ciki. Ya zuba mini kofi ya ce, "Kora? Haba 'yata, wa zai kore ki? Kina da sauran shekara guda, kuma ina zan samo wata difloma a watan Yuni? Sai dai daga yanzu sakatare ne zai cika takarda, ke ki sa hannu a gabansa. In kuma bakinki ya yi ƙaiƙayi, ki tuna wa za a fara tsigewa." Ko muryarsa bai ɗaga ba, har ƙofa ya rako ni.

Yanzu ba mai gaishe ni a kasuwa. Bastien ya koma aiki, yakan jefa wasiƙata a akwati bai dubi taga ba. Coralie ta tsallaka titi da ta hango ni, kuma na fahimce ta.

Na rubuta wa hukuma takarda, shafi huɗu, na faɗi komai tun daga Agusta, da nawa laifin a sahun gaba. Tana kan tebur, kwana biyar ke nan. In na aika, za su karɓe lasisina, shekara biyu ko fiye, kuma mace mai shekara arba'in da ɗaya da aka kama da aron suna ba na jin wani zai sake ba ta ko ƙungiyar yara. Za a buga a jarida, kuma ba Solène za su rubuta ba, Kerbrat za su rubuta. Kai ne za ka shiga shagon bakin tasha da sunan nan kowace safiya. Shi ya sa na kasa. Baba, in aika ko in bari?

Ina jiran amsarka. Ka gaida Yaya.

'Yarka,
Solène

Brévanges, 9 ga Yuni, 2011

Babana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya ƙafa? Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Amsarka ta iso jiya. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, sannan na zauna a kan matakala na sake karantawa.

Ashe ka zo. Ranar goma sha uku ga Nuwamba, jirgin ƙasa biyu da bas, da wannan ƙafar, kai kaɗai, ka ce wa Yaya asibiti za ka. Ka sayi tikiti ka zauna cikin magoya bayan baƙi. Ka ce ba ka ji komai ba, amma idonka ras yake: sau tara na buɗe baki a bakin layi, sau tara sai da na waiwaya benci tukun. Ka ce tun ina shekara takwas ba ka taɓa ganin na waiwayi kowa a fili ba, ko kai. Aka tashi wasa, muka ci biyu, ka ga ina dariya gaban masu ɗaukar hoto, sai ka juya ka kama hanyar tasha don kada in gan ka in ji kunya.

Wata bakwai, Baba. Duk abin da na rubuto maka a Disamba, kana karantawa ka riga ka sani. A Maris kuma ka ce ba ka tanka ba ne domin kuka na kawo maka, ban kawo tambaya ba. Ban san wanda ya fi taurin kai tsakanina da kai ba.

Layinka na ƙarshe na haddace shi: "Sunan nan na ba ki ne ki yi aiki da shi, ban ba ki ajiya ba. Shagon bakin tasha kuma ki bar ni da su, ai ba na ji."

Na aika yau da safe. A gidan waya yau Bastien ne yake karɓar wasiƙu. Ya dubi adireshin, ya dube ni, ya buga hatimi.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Sun ce in takarda irin wannan ta isa, cikin wata guda sukan kira mutum ya zo ya yi bayani da bakinsa, kuma an yarda ya zo da mutum ɗaya. Zan aiko maka da ranar. Wannan karon in ka zo, ka zauna inda zan gan ka.

Ka gaida Yaya da maigidanta da yara. Yanzu kana iya nuna mata duka.

Ni ce autarka,
Solène Kerbrat